Shukar tukunyata ta yi dogon wuya ta kwanta: Aloe vera ce, kuma yaya zan sauya mata tukunya?

Uwargida, Kano

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar furanni. Ina da wata shuka mai kaurin ganye a tukunyar roba a baranda, da sunan Aloe vera aka sayar mini da ita. Yanzu ta fi ƙarfin tukunyar. Faɗin bakin tukunyar santimita 20 ne, amma uwar ta yi dogon wuya tsirara, ba ganye a jikinsa, kusan santimita 15, ta karkace gefe guda har sai da na tokare ta da bulo. 'Ya'ya sun cika gindinta maƙil, saiwoyi sun leƙo ta hujin ƙasa, kuma in na zuba ruwa sai ya bi gefen tukunya ya zube nan take, ƙasar ba ta jiƙa.

Abin da ya sa ni shakka, ganyen uwar kore ne mai toka-toka, babu ɗigo ko ɗaya, amma na 'ya'yan duk ɗigo-ɗigon fari ne. Maƙwabciyata ta ce ba Aloe vera ba ce, zabuwa ce irin ta daji. Ganyayen ƙasa kuma sun sirance, sun lanƙwashe ciki, bakinsu ya bushe. Ta yaya zan tabbatar ko mece ce? Yaya ake sauya mata tukunya ba tare da an kashe ta ba? Shi kuma dogon wuyan nan, binne shi ake yi ko yankewa?

Malamar Bayoloji, Zariya

Wa alaikumus salam Hajiya. Ɗigon da ya tayar miki da hankali ai shi ya fi nuna cewa Aloe vera ce. 'Ya'yanta da ɗigon fari suke fitowa, in sun girma sai ɗigon ya dusashe har ya ɓace, ganyen ya koma kore mai toka-toka. Uwa ba ɗigo, 'ya'ya da ɗigo, halinta ke nan.

Amma kada mu tsaya a nan. Ki yanko ganye ɗaya daga na ƙasa, dab da kara, ki jingine shi a tsaye, bakin yankan yana kallon ƙasa, na kamar minti goma. In ita ce, za ki ga wani ruwa rawaya mai ɗaci da ɗan wari yana tsattsafowa daga ƙarƙashin ɓawon. Ki tsaga ganyen: cikinsa tsoka ce garau mai yauƙi, babu zare, ana iya kankare ta da cokali. Ƙayoyin gefen ganye ƙanana ne, farare-farare, ba su cika huda fata ba, kuma tsinin ganyen ba shi da ƙaya mai tauri. In ta taɓa yin fure, dogon kara ɗaya take fitarwa daga tsakanin ganye, furannin rawaya suna rataye suna kallon ƙasa.

Zabuwar da maƙwabciyarki ta faɗa 'yar'uwarta ce, ita ce masana ke kira Aloe buettneri, kuma tana nan a dazuzzukanmu. Sai dai tsarin rayuwarta dabam ne. Gindinta kumburarre ne, yana binne a ƙasa, ganyenta kan bushe da rani sai damina ta faɗi ya sake fitowa, kuma yawanci ita kaɗai take tsayawa, ba ta cika tara 'ya'ya a gindi ba. Shukar da ta ratsa rani da ganyenta kore, ta kuma cika tukunya da 'ya'ya, da wuya ta zama zabuwa.

Wadda ya kamata a yi hattara da ita ita ce Agave, domin tana ƙarama masu sayar da furanni ma kan rikita su. Ganyenta tauri gare shi, in an karya ba ya rabuwa biyu saboda zaren da ke ciki, a tsininsa kuma akwai ƙaya ɗaya mai duhu, mai huda hannu sosai. Ruwanta yana sa ƙaiƙayi da ƙuraje, kada a kuskura a shafa shi a fata. Akwai kuma Aloe maculata, wadda ɗigonta ba ya ɓacewa ko ta tsufa, ganyenta gajere mai faɗi, ƙayoyinta ja-ja masu kaifi. Moda kuwa ba ta da ƙaya a gefe sam, ganyenta a miƙe yake da ratsi-ratsi a gicciye. In kuma aka yanka shuka mai kaurin jiki aka ga farin ruwa mai kama da madara, to dangin tinya ce da ƙerana, a wanke hannu maza, kada ya shiga ido.

Sirancewar ganyen ƙasa ƙishirwa ce, duk da kina ba ta ruwa. Saiwoyi sun cinye wurin ƙasa, ɗan abin da ya saura ya ƙanƙame ya daina shan ruwa, sai shukar ta koma tana zuƙar ajiyar da ke cikin tsofaffin ganye. Wuyan kuma gurbin ganyayen da suka mutu ne ko aka yanka. Ƙarancin haske yana ƙara masa tsawo, shi ne kuma ke sa ta karkata wajen da rana take.

Mai lambun furanni, Kaduna

Hajiya, Malama ta gama da batun ganewa, bari in ɗauki na tukunya. Lokacin ma ya yi daidai. Da sanyin hunturu ya fara ja baya, ƙarshen Fabrairu zuwa Maris, saiwa tana saurin kamawa. Lokacin da na fi hana mutane shi ne tsakiyar damina, Yuli da Agusta, domin yanka ba ya bushewa da wuri, ruɓa kuma tana shiga ta nan.

Ki daina ba ta ruwa kwana biyar zuwa bakwai kafin ranar aikin. Ranar, ki shimfiɗa buhu, ki kwantar da tukunyar a gefenta, ki matsa jikin robar ta ko'ina, sannan ki riƙe karan dab da ƙasa ki zaro. Kada ki ja ta ganye, karyewa zai yi. In ta ƙi fita ki sa almakashi ki tsaga robar. Tukunyar roba ba ta kai darajar saiwar ba.

Da yatsa za ki warware dunƙulen, ki karkaɗe tsohuwar ƙasar iya yadda za ki iya. Saiwa mai lafiya tana da kauri da ƙarfi, launinta rawaya-rawaya ko ruwan ƙasa mai haske. Wadda ta bushe ta zama holoƙo, da wadda ta yi baƙi ta yi laushi, duk a yanke. Waɗanda suka yi ta zagaye gindin tukunya ana iya rage kashi ɗaya cikin uku na tsawonsu, ba abin da zai same ta.

'Ya'yan, ki raba waɗanda suka kai santimita 10 zuwa 15, masu ganye huɗu ko biyar. Kowanne yana haɗe da uwa ta wata gajeriyar jijiya a ƙarƙashin ƙasa. Wasu da ɗan murɗawa suke rabuwa, wasu sai da wuƙa. Ki goge wuƙar da sifirit tukuna, ki yanka ta ɓangaren uwa don ɗan ya tafi da saiwarsa. Ƙananan da ba su yi saiwa ba ki bar su a jikin uwa, ko ki haƙura da su. Duk abin da wuƙa ta taɓa, uwa da 'ya'ya, a ajiye shi a inuwa mai iska kwana biyu zuwa uku har bakin yankan ya bushe ya yi ɓawo. Ba za su mutu ba, ruwan da ke ganyensu ya ishe su fiye da haka.

Tukunya: ta ƙasa ta fi ta roba nesa, domin jikinta yana fitar da danshi, saiwa tana samun iska, ga nauyi da zai hana shukar kifewa. Lallai ta zama da huji a ƙasa wanda babban yatsa zai shiga. In magina ba su huda ba, ki jiƙa gindin sosai, ki huda a hankali da ƙusa. Kada ki ce tunda ta girma bari a ba ta ƙatuwar tukunya. Saiwarta ba ta nitsewa can ƙasa, bazuwa take yi a gefe, don haka mai faɗi ake nema, ba mai zurfi ba. Bayan an cire 'ya'ya, mai faɗin santimita 25 ta ishi uwar. Ƙasar da ta yi wa saiwa yawa tana daɗewa a jiƙe, a nan ruɓa take farawa. 'Ya'yan kuma kowanne a sa shi a mai faɗin santimita 10 zuwa 12.

Haɗin ƙasa, da kwano ɗaya za ki auna duka: kwano biyu na yashin rafi mai tsakuwa-tsakuwa, irin wanda ake zuba kankare da shi, kwano ɗaya na ƙasar lambu mai sauƙi, kwano ɗaya na gawayi da aka farfasa ƙanana ko ɓaraguzan jan bulo. A kan wannan sai tafin hannu biyu na takin shanu da ya ruɓe ya zama gari, ba ya wari. Lallausan rairayin shafe bai dace ba, toshe ƙofofin iska yake yi. Ƙasar fadama da laka su ma haka. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa, takin da bai gama ruɓewa ba kuma gara yake kira. Ki gwada haɗin kafin ki shuka: ki ɗan jiƙa, ki dunƙula a hannu, ki buɗe. In ya wargaje da kin taɓa shi, ya yi. In ya zauna curi guda, ƙara yashi.

Ki rufe hujin da tsingaro ɗaya ko ɗan yankin gidan sauro, ki zuba haɗin a bushe, ki zaunar da shukar a miƙe, ki cika gefe kina ɗan bubbuga tukunyar don ƙasa ta shiga tsakanin saiwoyi. Ganyen ƙasa ya tsaya a saman ƙasa, kada ya nutse. Ki bar santimita 2 tsakanin ƙasa da bakin tukunya. Wuyan, in yana da tauri lafiya lau, ana iya ɓare busassun ɓawon ganyen da ke jikinsa a binne shi, zai fitar da sabuwar saiwa. Ba ruwa sai bayan mako guda.

Uwargida, Kano

Na gode ƙwarai Malama, na gode Malam, Allah ya saka da alheri. Na yanka ganye, ruwan rawaya ya fito, ciki kuma tsoka ce ba zare. Na zaro ta daga tukunyar, ga abin da na tarar: saiwoyin tsakiya da yawa sun yi baƙi suna wari, ƙasan karan ma ya yi laushi kamar santimita 3. Akwai kuma wani farin abu gari-gari a jikin saiwoyi da tsakanin ganye, ga tururuwa. 'Ya'yan dai lafiyarsu ƙalau. A haka zan binne wuyan? Sannan an ce mini in fara zuba tsakuwa a gindin tukunya don ruwa ya riƙa wucewa, haka ne?

Tsohon malamin gona, Sakkwato

'Yata, kada ki binne wannan wuyan. Shawarar Malam mai lambu daidai ce ga kara mai lafiya, kuma gajere. Naki ya fara ruɓa daga ƙasa, ruɓa kuwa hawa take yi ta cikin kara. Ko ba ruɓa ma, ni ban cika son binne wuyan da ya kai santimita 15 ba, domin dole a nemi tukunya mai zurfi, tsofaffin saiwoyi su koma can ƙasa inda danshi ke daɗewa. Yankewa ya fi.

Kada ki yi mamakin ganin ƙishirwa a ganye da ruɓa a saiwa lokaci guda. Gefen dunƙulen ne ya bushe, tsakiyarsa kuwa ya cushe ba iska, ɗan ruwan da ya shiga ba ya fita. Saiwar da ta ruɓe ba ta shan ruwa, ganye ya yanƙwane, mai shuka ya ga haka ya ƙara ruwa, abin ya ƙara lalacewa. Mafi yawan waɗanda ke mutuwa a tukunya ta wannan hanyar suke tafiya.

Ga yadda za ki yi. Wuƙa mai kaifi, a goge ta da sifirit. Ki yanke karan santimita 6 zuwa 8 ƙasa da ganyen ƙarshe, yanka ɗaya a miƙe. Ki dubi fuskar yankan da kyau. Ana so a gan ta fara ko kore-kore, da tauri, ba tabo. In akwai ɗigon baƙi ko ruwan ƙasa a tsakiya, ki sake goge wuƙar, ki ƙara yankawa sama da santimita ɗaya, haka har ki iske wuri mai tsabta. In karan ya gajarce da yawa, ki ɓare ganye biyu ko uku na ƙasa, sai sabon kara ya bayyana. Ki barbaɗa garin gawayi a yankan. Gindin da ya ruɓe da tsohuwar ƙasar a zubar da su nesa da sauran tukwane.

Kan da kika yanke ya fi 'ya'ya buƙatar shanya, saboda yankan babba ne. Kwana bakwai a inuwa mai iska, a tsaye, misali a ɗora shi a bakin tukunya maras komai yadda karan zai rataya a ciki. In aka kwantar da shi, tsakiyar za ta lanƙwasa tana neman sama. Da yankan ya bushe ya yi tauri, ki dasa shi a busasshen haɗin da Malam ya faɗa, ƙasa ta rufe karan har dab da ganye, ki tokare da duwatsu uku. Tukunyar da ta fi wadda Malam ya faɗa ƙanƙanta ma ta isa yanzu, mai faɗin santimita 20, tunda ba saiwa. Kwana goma zuwa mako biyu ba ruwa. Bayan nan ɗan kaɗan a gefen tukunya, ba a jikin kara ba. Cikin mako uku zuwa shida saiwa kan fito. Alamarta, in kin ɗan girgiza shukar za ki ji ta riƙe, kuma ganyen tsakiya zai fara sabon kore. Kada a riƙa tuge ta ana dubawa, sabuwar saiwa da an taɓa ta take karyewa. A wannan tsakanin ganyen waje za su ƙara sirancewa, wasu su yi ja-ja. Ba mutuwa ba ce, kada ki ba ta ruwa saboda tausayi.

Ganyayen da kika ɓare ki yi amfaninki da su, amma kada ki dasa su. Aloe vera ba ta tsirowa daga ganye, ruɓewa kawai zai yi.

Farin abin nan ƙwari ne masu tsotsar ruwan shuka, suna lulluɓe jikinsu da farin kakin da kika gani. Tururuwa na bin zaƙin da suke fitarwa, kuma su ke ɗaukar su daga wannan tukunya zuwa waccan. Na tsakanin ganye, ki naɗa auduga a tsinke, ki tsoma a sifirit, ki dangwale su ɗaya bayan ɗaya. Ki maimaita duk mako har sau uku, don ƙwai na ƙyanƙyashewa daga baya. A yi da yamma ko a inuwa, sifirit da rana suna ƙona ganye. 'Ya'yan, ko da kin ga lafiyarsu ƙalau, ki wanke saiwoyinsu tas da ruwa mai ɗan sabulu, ki ɗauraye, sannan ki shanya. Ko ƙwayar tsohuwar ƙasar kada ta bi su. Sababbin tukwanen a ɗora su kan bulo, kada su zauna a ƙasa kai tsaye. Wannan yana rage tururuwa da gara, hujin kuma ba ya toshewa.

Batun tsakuwa a gindi, an daɗe ana faɗa amma ba ya aikin da ake zato. Ruwa ba ya saurin tsallakawa daga lallausar ƙasa zuwa tsakuwa, sai ƙasar da ke samanta ta cika ta tumbatsa. Sakamakon, jiƙaƙƙen wurin ya matso sama kusa da saiwa, ga tukunyar an rage mata zurfi. Tsakuwar a gauraya ta cikin ƙasar baki ɗaya, a nan take da amfani.

Mai lambun furanni, Kaduna

Baba ya yi gaskiya, da laushi a kara ba maganar binnewa. Abin da zan ƙara, Hajiya, shi ne wurin ajiyewa, domin bazara na tafe. Shukar da ba ta da saiwa ba ta jure ranar Kano ta Afrilu, lokacin da zafi kan kai digiri 40. Ki ajiye su inda haske yake sosai amma rana ba ta dukansu kai tsaye, har sai sun kama. Daga nan ki fara ba su ranar safe awa ɗaya, kina ƙarawa a hankali cikin mako biyu har su kai awa uku zuwa huɗu. Ranar safe zuwa hantsi ta ishe su, ta azahar tana toya ganye ta bar farin tabo da ba ya gogewa. In cikin ɗaki za su zauna, to dab da taga, kina juya tukunyar kwata ɗaya duk mako. In ba haka ba wuyan nan zai dawo, ganye ya yi tsawo ya yi fari-fari ya zube gefe.

In sun kama, ruwa mai yawa ake ba su a lokaci guda, har ya fito ta huji, sannan a bari ƙasar ta bushe. Ki soka tsinken tsire har gindi, ki bar shi minti biyu, ki zaro. In ya fito da danshi ko ƙasa ta manne masa, a dakata. A tukunyar ƙasa da bazara abin kan kama duk kwana bakwai zuwa goma, da hunturu mako biyu zuwa uku, amma tsinken ne alƙali ba kalanda ba. A ƙasa ake zubawa, kada ruwa ya kwanta a tsakiyar ganye. Da damina a matsar da su ƙarƙashin rumfa, nesa da indararo. In kin sa faranti a ƙarƙashin tukunya, ki zubar da ruwan da ya taru, saboda saiwa da kuma sauro. Farin gishiri-gishiri da kan fito a bakin tukunya daga ruwan rijiyar burtsatse yake, ki kankare, ki riƙa ba su ruwan sama da kika tara in ya samu. Taki kuwa ba sa buƙata sai bayan wata shida.

Malamar Bayoloji, Zariya

Hajiya, tunda za ki samu ganye da yawa daga wannan aikin, ki tsiyaye ruwan rawayan nan tas, ki fere ɓawon, ki wanke tsokar kafin ki shafa, kuma ki fara gwadawa a ɗan wuri a hannu, don wasu fatarsu ba ta karɓa. Ruwan rawayan yana sa gudawa mai tsanani da murɗar ciki in an sha, mai juna biyu da yara kada su kusance shi. Ganyen da sifirit ko sabulu ya taɓa a wanke shi sosai tukuna. Uwar da kika yanke kuma kada a sake cirar mata ganye sai ta yi saiwa ta fitar da sababbi aƙalla huɗu ko biyar.